Bukukuwan jahar Agadas: daga lasar gishirin Ingal zuwa Bianu

Jahar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, amma ruwan sama ba ya wuce wata biyu zuwa uku a cikinta, kuma mafi yawan mutanen dajinta makiyaya ne masu bin ruwa da ciyawa. Dangi na iya yin wata tara ba su ga juna ba. Shi ya sa biki a can ba wasa kaɗai ba ne: a wurinsa ake ciniki, ake ƙulla aure, ake sasanta rigima, hukuma kuma take samun jama'arta wuri guda. Bukukuwan iri biyu ne. Wasu damina suke bi, don haka lokacinsu ba ya sauyawa. Wasu kuma kalandar Musulunci suke bi, wadda shekararta ta gaza ta bature da kamar kwana 11, don haka kowace shekara suna matsowa gaba.

Lasar gishiri a Ingal

Wannan shi ne taron da aka fi sani da sunansa na Faransanci, Cure Salée. Ana yin shi a watan Satumba a Ingal, garin dabino da ke kamar kilomita 160 yamma da birnin Agadas. Mutanen garin na asali, Isawaghan, suna da harshensu, Tasawak, wanda tushensa na dangin Zabarmanci ne amma ya cika da kalmomin Tamashek.

Tushen bikin aikin kiwo ne. Da damina ta faɗi aka yi shuka a kudu, makiyaya na kora bisashensu arewa don su bar wa manoma gonaki. Suna nufar filayen Irhazer, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri da kanwa, musamman wajajen Tegidda-n-Tesum, garin da ake haƙar gishiri tun ɗaruruwan shekaru. Raƙuma da shanu da tumaki su ci sabuwar ciyawa, su sha ruwan gishiri, su lashi ƙasa. Makiyaya na cewa hakan na wanke cikin dabba, ya ƙara mata ƙarfi da nono kafin wahalar rani.

Wannan tafiya tana ɗaukar makonni. Kwana ukun da gwamnati ke shirya wa taro a Ingal rufewarta ce kawai. A nan ne ake ganin sukuwar raƙuma, Abzinawa sun sha rawani da takobi, suna kewaya matan da ke kaɗa tande, wato turmin da aka rufe da fata. Ana gasar kyawun dabbobi, maƙera da dukawa na baje hajarsu. Ma'aikatan kiwo na yi wa bisashe allurar rigakafi, likitoci na duba mata da yara, ana kuma yi wa waɗanda ba su da takardar haihuwa. Sarkin Abzin da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya na gabatar da kokensu gaban hukuma: rijiyoyi, burtali, abincin dabbobi, tsaro.

Gerewol na Woɗaɓe

A daidai wannan lokaci na ƙarshen damina Fulani Woɗaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororoji, ke nasu taro a dazuzzukan Ingal, Abalak da Cintabaradan. Mutane kan haɗa komai su ce Gerewol, amma akwai bambanci. Worso taron dangi ɗaya ne, inda ake bikin suna da na aure na shekarar. Gerewol kuwa karo ne tsakanin zuri'a biyu, ɗaya ta karɓi baƙuncin ɗaya, kuma cikakkensa na ɗaukar kwana bakwai.

Samari ne ke ado. Suna shafa jar ƙasa ko rawaya a fuska, su sa kwalli, su baƙanta leɓe don farin haƙori ya fito, su ɗaura gashin jimina. Sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, suna waƙa suna ɗaga dugadugai na tsawon sa'o'i cikin rana. Ƴan mata daga ɗaya zuri'ar ne ke fitowa su nuna wanda ya fi. Ba a tsayar da wuri tun da nisa: dattawa ne ke dubawa inda ruwa da ciyawa za su ishi garken kowa, sannan su yanke.

Bianu, bikin birnin Agadas

Bianu na mutanen birni ne, kuma watan Musulunci yake bi. Ana fara jin kiɗansa da dare a unguwanni bayan Babbar Salla, ya yi ta ƙaruwa har ranakun 9 da 10 ga Muharram, wato Tasu'a da Ashura. Gari na rabuwa biyu, ƴan gabas da ƴan yamma, kowane ɓangare da tambarinsa da shugabansa. Ana kaɗa manyan ganguna da ƙananan da ake kira akanzam.

Akwai yammacin da ake kira marecen ado, inda yara da manya ke fitowa da mafi kyawun suturarsu: manyan riguna, baƙin rawani mai walƙiya, takobi da mashi. Daga nan masu bikin su fita su kwana a Alarsas, ƴan kilomitoci arewa da birni. Da safe su shigo gari riƙe da ganyen kaba, suna rawa, su kai gaisuwa fadar Sarkin Abzin, sannan su zaga unguwanni. Lokacin ya zo daidai da daren cika-ciki da aka sani a duk ƙasar Hausa.

Game da asalinsa, bakin dattawa bai zo ɗaya ba. Wasu na danganta shi da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Annabi (SAW) lokacin hijira, wasu da ranar da jirgin Annabi Nuhu ya tsaya bayan ruwan Ɗufana, wasu kuma na cewa tunawa ce da dawowar mayaƙan gari daga yaƙi. Tsohon garin da ake bikin a cikinsa, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Gani

Gani shi ne Mauludi, ranar 12 ga Rabi'ul Awwal. A garuruwan Abzin irin su Timiya da Iferwan, da kuma Ingal, ana raya dare da karatu da yabon Annabi, da rana kuma mahaya raƙuma su fito. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, don har yau ana Sallar Gani a Daura da Gumel.

Bikin Abzin a Iferwan

Wannan sabo ne. An fara shi a 2001 don tallata al'adun Abzinawa da jawo masu yawon buɗe ido. Ana gasar waƙa, tseren raƙuma, ado da sana'ar hannu, ana kuma jin imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata kaɗai ke gogawa, wanda UNESCO ta amince da shi a 2013 da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya sa an yi shekaru ba a yi bikin ba.

Abin da ya haɗa su da kudu

Mai zaune a Maraɗi ko Damagaram na iya ganin abin ya yi masa nisa, alhali yana taɓa shi kai tsaye. Hatsin da ake ci a Ingal daga kudu yake zuwa, dabbobin da suka yi ƙiba a Irhazer kuma kasuwannin kudu suke nufa. Baƙin turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa ranar biki, marinan Kura ta ƙasar Kano ne suka shahara da yinsa. Bayan an watse daga taron, wajen Oktoba, ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero, ya dawo da kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro Damargu da ƙasar Hausa.

Akwai kuma zancen zaman lafiya. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Muddin akwai ciyawa da ruwa a arewa, bisashe na daɗewa can har a gama girbi. In damina ta gaza, sai su gangaro da wuri, amfanin gona na tsaye, kuma nan ne rigimar manomi da makiyayi ke tashi. Farin 1973 da na 1984 sun nuna yadda shekara ɗaya ke iya share garken iyali.

Ga mai niyyar zuwa

Hukuma ce ke sanar da ranakun Ingal kowace shekara, na Bianu da Gani kuwa sai an ga wata. Daga Tawa ana bin hanyar Abalak, daga Damagaram ta Tanut da Adarbisanat. A tambayi halin hanya kafin a tashi, don tun bayan sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit a Satumban 2010 harkar tsaro ta sauya tafiya a yankin, baƙi ƴan ƙasashen waje suka ragu, masu sana'ar hannu da masu ja-gora suka ji a jikinsu. Masauki a Ingal kaɗan ne, mafi yawan mahalarta a tanti ko gidan ƴan uwa suke kwana. A riƙi ruwan sha da mayafi, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata.