Me Ya Sa Tsohuwar Karabin Ba Ta Kuskure?

A Yamai, in hira ta kai tsofaffin maharba kan karabin, ƙaramar bindigar nan mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, maganarsu guda ce: ta da ta fi ta yanzu, wai ƙarfen da ya fi kyau. Ta wajen sura ba musu. A duba Brno Model 2 ta Cekoslobakiya, wadda aka fara ƙerawa a 1954: ƙota ta katako, ƙarfe ya sha goga, an murɗa bututun cikin jikin bindigar ya zauna daram. Jikanyarta CZ 455 ta 2010 kuwa sukurori biyu ke riƙe bututun, don a iya sauya shi. Kamfanin Winchester na Amurka ma ya daina ƙera Model 52 a 1980, bayan shekara 60 tana cin gasa.

Amma kyan sura daban, samun bara daban. Sirrin yana cikin harsashin. Shi .22 LR, wanda ya fito a 1887, darma ce mai laushi da aka shafa wa kaki, nauyinta giram 2.6, albarushinta ɗan kaɗan. Ba ta cin bututu, sai a yi dubban harbi tsagar cikinsa tana nan garau. Abin da ke kashe irin wannan bindiga hannun mai ita ne: sandar shara da ake cusawa ta baki har ta cinye leɓen, ko dannan kunama babu harsashi, allura ta riƙa saran gefen ramin, tunda a gefen kwanso take duka, ba a tsakiya ba. Ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da mai ta zama gurza.

Akwai kuma abin da maharban ba sa lissafawa. Tsofaffin da ba su da kirki tuni tsatsa ta cinye su, ko an jefar. Zaɓaɓɓu ne suka rage, su ake gwadawa da kowace sabuwa da ta fito daga kwali. A ganina wannan ba gwajin adalci ba ne.

Masu gasar Olamfik, da ke neman da'irar milimita 10.4 daga mita 50, ba ruwansu da shekarun bindiga. Sukan kai bututunsu wurin gwaji na kamfanoni irin Eley na Ingila, a ɗaure shi, a harba rukuni-rukuni na harsashi iri ɗaya, har a samu wanda ya dace da shi, sannan su saye rukunin da yawa. Tsohon da ya shekara 40 da karabin guda shi ma ya yi wannan gwajin, a hankali, a daji.