Tsoka ba ta turawa, ja kawai take yi 🧵

1/ Jibi ina da jarrabawa a kan tsoka, amma wanda ya fahimtar da ni darasin ba lakcara ba ne. Kawuna ne, mahauci a babbar kasuwar Katsina. Ku matso.

2/ Na nuna masa zanen da ke littafina, sai ya yi dariya ya jawo naman cinyar sa. "Duba nan, ɗana." Wata tsokar zarenta ya miƙe sambal, wata kuma ya kwanta a karkace kamar gashin kaza. Shi da wuƙa ya san wannan. Likitoci kuwa sun daɗe suna lalube.

3/ A shekarar 157 Jalinus ya zama likitan 'yan wasan takobi a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau. Ya ga raunuka iri-iri. Ya gane tsokoki bibbiyu suke aiki, ɗaya ta ja, kishiyarta ta mayar. Nan ya yi daidai.

4/ Inda ya kauce: ya ɗauka wata iska ce ke bin jijiya ta shiga tsoka ta motsa ta. Aka riƙe wannan kusan shekara 1,500, har wasu na cewa tsoka kumbura take kamar balan-balan. Ban ga laifinsu ba gaskiya. Lanƙwasa hannunka ka kalli ƙwanjinka, ai kamar an hura shi.

5/ Sai a shekarun 1660 wani ɗan Holan, Jan Swammerdam, ya sa tsokar kwaɗo cikin bututun gilashi mai ɗigon ruwa, ya tsokani jijiyarta. Tsoka ta takure, ɗigon bai hau ba. Ashe ba abin da ya shiga cikinta, siffa kawai ta canza.

6/ A 1667 Steno, ɗan Denmak, ya zana abin da kawu ya nuna min. Amfaninsa? Zare a karkace ya fi cusuwa da yawa a ɗan wuri, ƙarfi ya fi. Miƙaƙƙen zare kuma ya fi ja da nisa.

7/ Amma ta yaya zaren ke gajarta? Amsar sai 1954, a mujallar Nature. Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da Hugh Huxley da Jean Hanson (Huxley ɗin nan biyu ba 'yan'uwa ba ne 😅) suka nuna siraran zaruruwa iri biyu ne a ciki, aktin da mayosin, suna zamewa cikin juna kamar yatsun hannu biyu.

8/ Yanzu ku tuna ɗan dambe. Naushi kamar turi ne, ko? A'a. Tsokar bayan damtse ce ke jan ƙashi, gwiwar hannu ta miƙe, ta gaba kuma ta saki. Ƙafa, ƙugu da kafaɗa duk ja suke, bi da bi.

9/ Na faɗa wa kawu haka. Ya ce dambe ai asalinsa wasan mahauta ne, in daina cika masa kunne in riƙe masa ƙafar san nan.