Naman Matafiya a Hanyar Boɗinga da Shagari: Daga Zangon Fatake Zuwa Filin Jirgi

Hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta yi kudu, ta wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ta ratsa Boɗinga da Shagari, tsohuwar hanya ce. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna har 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga ya zauna kafin ya koma Gwandu. Tun lokacin malamai da manzanni da fatake ke kai da komo a nan, har labarin baka na danganta sunan Shagari da matafiyan da ke yada zango su sha gari. Inda duk ayari ya sauka kuwa, mahauci na kusa.

Mahautan Hausa sun tsara sana'arsu gwargwadon nisan tafiya. Tsire da balangu na mai ci nan take ne, ya kama hanya. Kilishi shi ne guzurin mai dogon zango: a fere tsoka ta yi fale-fale, a shanya, a tsoma cikin labu na ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Da ruwan jikinsa ya fita, sai ya daɗe bai lalace ba. Bayan wannan ga shanun Bokolo da jar akuyar Sakkwato, ga kuma Sarkin Pawa mai sa ido kan abin da ake yankawa.

A kudancin Brazil ma haka gashin da suke kira churrasco ya faro. Makiyayan jihar Rio Grande do Sul ne ke soke nama a tsinke, su barbaɗa gishiri, su kafa a bakin wuta. A 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, aka buɗe gidan abinci na Fogo de Chão mai sayar da wannan gashi a birnin Porto Alegre. A 1997 gidan ya shiga Amurka. Yau matafiyi na iya cin gashin Brazil a filin jirgi yana jiran a kira shi, namu kuwa yana bakin titi.

Wani zai ce ai dole, tunda ƙura da ƙuda da naɗin tsohuwar jarida ba za su shiga filin jirgi ba. Ƙorafin gaskiya ne, amma laifin wurin sayarwa ne, bai taɓa gwanintar mai gashi ba. Makiyayin Brazil ma a fili ya fara. Jari da tsafta da duba lafiyar dabba suka kai shi inda yake. Wani kuma zai ce gyara zai sa talaka ya kasa saye. Akwatin gilashi da ruwa mai kyau da takarda mai tsafta ba su kai tsadar da za su kori mai saye ba.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da shugabannin mahauta su haɗa kai, su gyara mayanka, su samar da rumfuna masu tsafta, su nemi gurbi a filin jirgi. Maniyyaci da baƙon da zai tashi daga Sakkwato sun cancanci su ci tsiren ƙasar nan kafin su hau jirgi.