Bindiga ta riga rawani zuwa

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, shi ya sa ta wajen suna labarin nan ya kama ni.

A 1915 sojojin Amurka suka mamaye Hayiti, ba su fita ba sai 1934. Cikinsu akwai wani saje, Faustin Wirkus. A 1925 aka tura shi ya riƙe tsibirin La Gonave da sunan ƴan mamaya. A watan Yulin 1926 mutanen tsibirin, ƙarƙashin sarauniyarsu Ti Memenne, suka naɗa shi sarki, suka ce da shi Faustin na biyu. Don me na biyu? Don Hayiti ta taɓa yin sarki mai wannan suna, wato Faustin Soulouque, daga 1849 zuwa 1859. Wai shi ne ya dawo.

To amma ni ban yarda suna kaɗai ya yi wannan aiki ba. Tun kafin naɗi, bindiga da lanho da gidan kaso duk suna hannun Wirkus. Me suka ba shi ke nan? A ganina ɗaure shi suka yi da sarauta. Kumandan, irin wanda kakanninmu suka sani, umarni kawai yake bayarwa. Sarki kuwa dole ya saurari kukan talakawa.

A 1929 aka janye shi daga tsibirin, sarauta ta ƙare. A 1931 ya fitar da littafi da Ingilishi, duniya ta ji labarin daga bakinsa. Ni dai bakin Ti Memenne nake so in ji, da harshenta na Kiriyol.