Yadda Ƙirjin Sa Ya Yi Tsada a Jihar Teksas

A jihar Teksas ta ƙasar Amurka akwai wani irin gashi wanda mutanen wurin su ke alfahari da shi ƙwarai. Ba tsire ba ne, ba kuwa balangu ba. A kan ɗauki ƙirjin sa ɗungum, a barbaɗa masa gishiri da masoro, a sa shi cikin tanderu nesa da harshen wuta, hayaƙi da zafi kaɗan-kaɗan su yi ta ratsa shi har awa 12 ko fiye. Ya fi kama da banda, sai dai ba don ajiya a ke yinsa ba. Sunan da su ke kiran gashin ma aro ne: daga barbacoa ya fito, kalmar da Sifaniyawa suka samu wurin mutanen tsibiran Karibiyan, watau ragar itace da a ke girkawa bisa wuta.

Dalilin wannan jinkiri yana jikin dabbar. Tsokar ƙirji ita ke tallafe da gaban sa muddin ransa, saboda haka cike ta ke da jijiya. In aka gasa ta da gaggawa sai ta gagari haƙori. Shi ya sa a dā ba ta da daraja wurin mahauta. Yahudawan gabashin Turai sun daɗe da saninta, domin shari'arsu ta tsananta game da naman bayan dabba, ga shi kuma ƙirji na da araha.

A cikin ƙarni na 19 Jamusawa da mutanen Cek suka zauna a tsakiyar Teksas, waɗansunsu suka kama fawa. Da ya ke babu firiji, naman da ya yi kwantai sai su kyafa shi, su sayar wa ’yan ƙodagon gonakin auduga, a naɗe musu cikin takarda. Kreuz Market na garin Lockhart, wanda aka buɗe a 1900, daga irin waɗannan shaguna ya ke. Amma fa a lokacin ba ƙirji a ke nema musamman ba. Mahauci ya kan sayi sa guda, abin da ya rage shi a ke gasawa, mai saye kuwa iyakarsa ya ce mai kitse ko maras kitse.

Abin da ya sāke al'amarin shi ne kwali. Kamfanin Iowa Beef Packers, wanda aka kafa a 1960, ya soma daga 1967 yana daddatsa nama tun a mayanka, yana aika kowane sashe dabam cikin kwali. Daga nan mai gashi ya sami ikon ya yi odar ƙirji zalla, kuma ya zaɓe shi don ba abin da ya kai shi araha. Martabar gashin kuwa ta riga ta soma hawa, gama a Disamba 1963 Shugaba Lyndon Johnson da shi ya karɓi baƙuncin Ludwig Erhard, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma.

A nan ya kamata a dubi batun daraja. Tun 1927 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ke buga wa naman shanu hatimi. Hawa uku aka fi sani: Prime a sama, sa'an nan Choice, kana Select. Babban ma'aunin shi ne yawan kitsen da ya ratsa cikin tsoka. To, amma ba a ƙirji a ke dubawa ba. Tsokar gadon baya a ke yankawa tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, hukuncin da aka yanke a can shi ya ke bin dukan dabbar. Ashe wanda ya biya kuɗin ƙirjin Prime shaidar wani sashe ya saya. Galibi shaidar ta kan yi daidai, amma ba kullum ba. Masu gashin dā ba su damu da wannan hatimi ba, don sana'arsu duka ta gyaran nama maras daraja ce.

A 2009 Aaron Franklin ya soma sayar da gashi a birnin Austin, ya kuwa tsaya a kan nama mai hawan sama. Mutane suka riƙa yin layi na awowi, har a 2015 ya ci lambar James Beard ta gwanayen girki. Masu gashi da yawa suka bi sawunsa, waɗansu ma suka zarce ga Wagyu, irin shanun Japan masu yawan kitse waɗanda aka fara shigo da bijimansu Amurka a 1976. A 2013 kamfanin Arby's mai ɗimbin shaguna shi ma ya shiga sayen ƙirji.

Masu nema suka yi yawa daidai lokacin da shanu ke raguwa. Farin 2011 ya tilasta wa makiyayan Teksas sayar da garkunansu, a farkon 2025 kuwa shanun Amurka duka ba su kai miliyan 87 ba, ƙarancin da rabon a gani tun 1951. Sa kuma, kome girmansa, tsagin ƙirji biyu gare shi.

Har wa yau akwai hasarar da ba ta bayyana ga mai ci. Tsakanin fiffige kitse da tsanewar ruwa a wuta, kusan rabin nauyin ya kan tafi. Wanda ya sayi kilo 6 ɗanye, da ƙyar zai sayar da abin da ya wuce 3, tun ba a lissafa itace da ladan mai kwana gaban tanderu ba. Don haka masu gashi da dama su kan ce ƙirji shi ke kawo musu jama'a, amma ba shi ke kawo riba ba. Guntayen da aka fiffige su kan niƙa, su cusa a hanji su kyafa, kitsen kuma su narkar, da haka su ke mai da wani abu daga kuɗinsu.