Tambur, Hatimi da Sa Hannu: Tarihin da ke Kwance cikin Adakar Iyayenmu

Ƴan uwa ɗalibai, kafin salula ta shigo, akwai samarin Maraɗi da duk dukiyarsu tana cikin gwangwanin biskit: tambur na ƙasashe, katuna, da hotuna masu sa hannu da suka zo ta gidan waya. Mutane na ce musu marasa aikin yi. Yau kuwa gwangwanin nan littafin tarihi ne.

Mu fara da tambur. A Ingila aka fara buga shi a 1840, da kan sarauniya Biktoriya a jiki. Makwabtanmu na Katsina da Kano da suka zauna ƙarƙashin Ingilishi har gobe "kan sarki" suke ce mishi, mu kuwa mun ɗauko sunan daga bakin Faransawa.

In ka jera tambur ɗin ƙasarmu, ka jera sarautun da suka wuce kanmu. A 1921 Faransawa suka ɗauki tambur na "Haut-Sénégal-Niger" mai hoton Buzu bisa raƙumi, suka buga "Territoire du Niger" a kai. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, aka fito da namu na kanmu, masu hoton rijiya, da kwalekwale, da barikin Zinder. Daga 1944 sunan Nijar ya ɓace, aka haɗa mu da sauran ƙasashen AOF a tambur guda. Sai 1959 sunan ya dawo, tare da raƙumin dawa da gauraka, kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960.

To ta yaya ɗan talaka yake samun na waje? Gidan waya ba ya kai wasiƙa gida-gida, sai akwati mai lamba. Yaron Tibiri ko na Jiratawa sai ya ari lambar akwatin lakwal, ko ta wani ɗan kasuwa a Maraɗi, ya rubuta, ya yi ta jira wata da watanni. Babbar ƙofa ita ce rediyo. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ka aika tambaya ko gaisuwa, a karanto sunanka da na unguwarku duniya na ji, wata rana kuma ambulan ya iso da kalanda ko hoton ma'aikatan gidan da sa hannunsu. Wasu kuma abokan wasiƙa suke nema a Faransa ko Beljik, ana musayar tambur. Karyewar sefa a Janairun 1994 ta sa komai na waje ya yi tsada, sannan salula da intanet suka ƙarasa abin.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardun nan suna ƙarewa: gara ta ci wasu, damina ta jiƙa wasu, saura an ƙunshe ƙosai da su. Wanda ma ya damu, sau da yawa sai ya ɓamɓare tambur ya jefar da ambulan, alhali hatimin da ke jiki shi ne mai faɗin gari da rana. Ambulan mai hatimin Maraɗi kafin 1945 ya girmi garin da muke zaune, don a shekarar nan ne ambaliyar Gulbi ta ci tsohon gari aka hau tudu.

Tarihin sarakunan Katsina da Gobir yana bakin maroƙa, ba zai ɓace ba. Na ɗan lakwal da ɗan ci-rani kuwa, wasiƙarsa kaɗai ce shaidarsa. Saboda haka hutun nan, kowa ya roƙi baba ko kawu ya buɗe mishi adaka. Kada a yage komai. A sa cikin leda, a rubuta sunan mai shi da shekara, a kawo mu yi fotokopi, mu maida ma masu su kayansu.