Shaidar Laka a Kan Girgizar Ƙasar Shekarar 1700

Masanin tarihi ya saba da neman hujja a takarda da bakin dattawa. Amma akwai wuraren da takarda ta zo a makare, kamar gaɓar tekun Fasifik ta arewa maso yammacin Amurka, inda rubutaccen tarihi bai kankama ba sai ƙarshen ƙarni na 18. Saboda ba a ga babbar girgizar ƙasa a cikin wannan gajeren tarihi ba, har zuwa farkon shekarun 1980 mutane da yawa sun ɗauka yankin lafiyayye ne, aka yi ta gina birane da gadoji bisa wannan zato.

A shekarar 1987 wani masanin ƙasa, Brian Atwater, ya buga sakamakon haƙar da ya yi a fadamun gishiri na bakin teku a jihar Washington. A ƙarƙashin lakar da ruwan teku ke kwantarwa, ya tarar da baƙar ƙasa mai cike da saiwoyin ciyawa da kututturen itatuwa, a wasu wurare kuma da siririn shimfiɗin yashi a kanta. Tsirran tudu ba sa rayuwa inda teku ke shiga kullum. Ashe dai ƙasar ce ta nitse farat ɗaya, har fiye da mita 1 a wasu wurare, teku ta hau kanta.

A nan ne binciken sinadaran laka ya shigo daga baya. Kowane tsiro yana barin alamarsa ko bayan ya ruɓe. Tsirran tudu suna da kabon mai yawa idan aka gwada da naitirojin, sau da yawa fiye da ninki 20, alhali a gansakukar teku da wuya ya wuce ninki 10. Haka kuma kason kabon 13, wato nau'in kabon mai ɗan nauyi, ya fi yawa a gansakukar teku. Idan aka auna laka daki-daki daga ƙasa zuwa sama, sai a ga inda alamar tudu ta yanke, ta teku ta maye gurbinta. Hanyar tana da rauni, gaskiya: kogi yana kawo tarkacen daji ya gauraya, ruɓewa kuma tana canja awo. Shi ya sa ake haɗa ta da ƙirgar ɓawon ƙananan halittun ruwa kafin a yanke hukunci.

Sai dai laka ba ta san rana da wata ba. Wannan sai da aka je Japan. A 1996 Kenji Satake da abokan aikinsa suka nuna cewa kundayen hukumomin ƙasar sun rubuta ambaliyar teku da ta afka wa garuruwa kamar Kuwagasaki a watan Janairu 1700, ba tare da kowa ya ji ƙasa ta motsa ba. Da aka lissafa sa'o'i kusan 10 da igiyar ke ɗauka ta ƙetare teku, sai aka sami daren 26 ga Janairu, da girgiza mai ƙarfin maki 9 ko kusa da haka. A 1997 zobban matattun itatuwan gaɓar suka nuna girmansu na ƙarshe a 1699.

'Yan asalin yankin, kamar mutanen Huu-ay-aht na tsibirin Vancouver, sun daɗe suna ba da labarin daren hunturu da ƙasa ta girgiza, teku ta cinye ƙauye guda. An ɗauki shekaru ana jin labarin kamar tatsuniya. Yau a garuruwan gaɓar akwai alluna masu nuna hanyar gudu zuwa tudu.